Daga Amsterdam zuwa Hawandawaki: tarihin wani ruwa mai cin wuta

 Kamar yadda muka saba, abin da lokacin radiyo bai ishe mu ƙarasawa ba, nan muke kawo shi a rubuce.

Ku leƙa tsakar gidanku. Da wuya a rasa tano ko bido na ajiyar ruwa. Da shi ake zuwa rijiya bisa amalanke, a cikinsa wasu ke zuba wake su toshe baki har bazara. Amma tanon nan ba don ruwan shanmu aka ƙera shi ba. Ya yi wata rayuwa a masana'anta da tashar jirgin ruwa kafin ya faɗo kasuwar iyaka, mu saye shi da araha. Mukan ƙwanƙwasa shi mu ji ko ya huje, mu duba tsatsa, mu yi ciniki. Su wa ke tambayar abin da ya ɗauko?

To yau tarihin ɗaya daga cikin ruwayen da ke tafiya cikin irin wanga tano za mu ba ku. Sunansa na boko dikuloro'etan. Waɗanda suka yi lise za su iya tuna mushen kimiyya yana rubuta shi a allo, mu kuwa muna kwafewa don jarrabawa kawai. Aikinsa narkar da maiƙo, da kaki, da ƙaro, da wasu irin roba. Dalilin da ya sa muka zaɓe shi, ya daɗe yana ratsa rayuwarmu a yankin nan ba tare da mun san sunansa ba, kuma halinsa ya koya mana yadda za mu yi da duk wani ruwan masana'anta da muka tarar babu takarda a jikinsa.

Labarin ya faro ne a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, a shekara ta 1794, shekaru goma kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Wasu abokai huɗu masu son bincike, Deiman, da Paets van Troostwijk, da Bondt, da Lauwerenburg, suka haɗa iska biyu a cikin kwalba. Ɗaya ita ce etilen, ɗayar kuma kulor, wannan da muke jin warinsa a ruwan jabel. Iska da iska suka haɗu, sai ga wani ruwa mai santsi kamar mai yana taruwa. Abin ya ba su mamaki har suka raɗa wa etilen suna "iska mai yin mai". Shi kuma ruwan, shekara da shekaru Turawa suna kiran sa man ƴan Holan.

Farin ruwa ne garau, in an zuba shi a kofi ba mai bambanta shi da ruwan famfo da ido. Yana da ƙamshi mai ɗan zaƙi-zaƙi. Saboda shaƙarsa na sa mutum ya fita hayyacinsa, a tsakiyar shekarun 1800 wasu likitocin Birtaniya sun gwada shi a matsayin maganin sa barci lokacin fiɗa. Bai karɓu ba, wani ɗan uwansa mai suna kuloroform ya rinjaye shi. Mu riƙe wannan tun yanzu: ruwan da likita ya taɓa gwadawa don kwantar da mutum a yanka shi bai ji ba, shi ne ma'aikaci ke shaƙa a ɗaki rufe yana cewa ai ƙamshi ne kawai.

Wurin farko da ya sami babban aiki shi ne ma'ajiyar hatsi. A 1927 masu binciken ma'aikatar noma ta Amurka suka nuna cewa tururinsa na kashe ƙwarin da ke cin hatsi. Matsalar ita ce yana kama wuta. Sai suka gauraya kashi uku nasa da kashi ɗaya na wani ruwan da ba ya ci da wuta, tetrakulorur na karbon. Aka yi ta zuba wannan haɗi a manyan rumbuna daga Amurka har Indiya, fiye da shekara hamsin. Daga baya ta bayyana cewa dukansu biyun suna lalata hanta, kuma burbushinsu na iya saura a cikin abinci. A tsakiyar shekarun 1980 Amurka ta hana zuba su a hatsi. Yau dikuloro'etan yana cikin jerin yarjejeniyar Rotterdam ta 1998, wadda ta ce ba a tura wa wata ƙasa shi a matsayin maganin ƙwari sai da saninta da yardarta. Rotterdam ɗin ma birni ne a Holan. Ƙasar da aka haife shi, a can aka zo aka ƙulla yarjejeniyar da ta ɗaura masa takunkumi bayan shekara 200.

Wannan babi ya shafe mu, mu manoman wake. Kowa ya san yadda ƙwaro ke mayar da buhun wake gari cikin ƴan watanni, kuma kowa ya san irin abin da ake zuba masa: piya-piya, ƙwayar bom, da wasu ruwaye a kwalba da mai sayarwa kansa bai san sunansu ba. Tarihin man ƴan Holan ya nuna cewa manyan ƙasashe masu ɗakunan bincike sun yi rabin ƙarni suna zuba guba a abincinsu kafin su farga. Alhali ga hanya a ƙofar gidanmu: buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 tare da masu binciken INRAN na Maraɗi. In an ɗaure shi da kyau, iska ce ke ƙare wa ƙwaron ya mutu, ba a sa ko ɗigon magani.

Wuri na biyu shi ne tankin mota, kuma ta nan ne ya iso mu kai tsaye. A 1921 wani injiniya na kamfanin General Motors mai suna Thomas Midgley ya gano cewa in an ɗiga wani haɗin dalma a cikin isansi, inji yana daina ƙwanƙwasa, ya ƙara ƙarfi. A watan Fabrairu na 1923 aka fara sayar da isansi mai dalma a garin Dayton. Tun daga farko an ga alama. A watan Oktoba na 1924, a matatar Bayway ta jihar New Jersey, ma'aikata biyar suka mutu bayan sun haukace, aka kwantar da wasu da dama a asibiti. Duk da haka ciniki bai tsaya ba.

Dalmar tana da wata illa ga injin kansa: takan daskare a kan buji da cikin inji. Sai aka nemo abin da zai share ta. Aka zuba wani haɗi mai burom, daga baya aka ƙara da dikuloro'etan, har ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da ake ɗigawa a isansin motoci. Aikinsa shi ne ya kama dalmar a lokacin ƙuna, ya mayar da ita abin da ke tashi, ta bi hayaƙi ta fita ta salansa. Kun gane ko? An tsabtace inji, an zuba dattin a iskar da mutane ke shaƙa.

Isansin da motocinmu suka sha tun zamanin cinikin gyaɗa har farkon shekarun 2000, na gidan mai ne ko na ruwa-ruwa da ke ƙetaro iyaka a bido, mai dalma ne. Fijo 404 da ke lodi a tashar Tasawa, Landiroba ta kwamanda, mobilet ɗin mushen lakwal, duk sun busa mana wannan hayaƙi. Yaron da ke tallan ƙosai a bakin gudro ya shaƙa. Mai ruwa-ruwa da ke zuƙo mai da tiyo a baki ya kurɓa. Bakaniken da ke wanke hannu da isansi ya shafa. Dalma kuwa ba ta da sauƙi ga ƙwaƙwalwar yaro. Mun ga mummunan misali a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400. Ta hayaƙin mota ba ta kisa a fili haka, a hankali take rage kaifin hankalin yara, ta hau da jinin manya.

A watan Yuni na 2001, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka haɗu a Dakar suka ɗauki alkawarin daina isansi mai dalma, kuma zuwa 1 ga Janairu 2006 aka cika alkawarin. Lokacin da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011, zamanin dalma ya riga ya wuce a nan. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya, nata ya ƙare a watan Yuli na 2021. Daga ranar da ma'aikatan Bayway suka mutu zuwa wannan rana, shekara 97 ke nan.

Wuri na uku shi ne inda yake har gobe, wato roba. Tun 1835 wani Bafaranshe mai suna Regnault ya fitar da wata iska daga man ƴan Holan, wadda ake kira iskar binil. A 1926 wani Ba'amurke, Waldo Semon, ya gano yadda za a tausasa robar da ake samu daga wannan iska ta yi amfani. Ita ce PVC. A yau ana yin miliyoyin tan na dikuloro'etan kowace shekara, kuma wajen kashi 95 cikin ɗari nasa a nan yake ƙarewa: a gasa shi a zafin da ya kai digiri 500, ya fashe ya ba da iskar binil, a mayar da ita roba. Tiyon da ya kawo ruwa daga shato zuwa famfon unguwa, rigar wayar lantarki da ta sola, takalman roba da yawa da muke sawa da damina, duk jikokinsa ne.

Nan ma ma'aikata ne suka fara biyan kuɗin. A watan Janairu na 1974 aka bayyana cewa wasu ma'aikatan masana'antar PVC a Louisville ta Amurka sun mutu da wani ciwon dajin hanta da ba kasafai ake ganin sa ba, kuma iskar binil ce sanadi. A watan Fabrairu na 2023 jirgin ƙasa ɗauke da wannan iska ya kauce hanya a garin East Palestine na jihar Ohio, aka kwashe mutanen gari, aka ƙone ta da gangan don gudun fashewa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama.

Kada wani ya ji wannan ya je ya tone tiyon gidansa. Robar da aka gama ƙerawa ba ta da laifi wajen ɗaukar ruwan sha. Laifin yana zuwa ne in ta haɗu da wuta, domin kulor ɗin da ke cikinta yana fita ya zama hayaƙin asid mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Uwar gida da ke hura gawayi da guntun tsohon takalmi, da yaran da ke ƙona waya don su cire jan ƙarfe su kai wa ƴan gwangwan, wannan hayaƙin suke sha.

Yanzu mu komo kan tano, domin shi ma yana da nasa tarihin a yankinmu. Tsakanin 1987 da 1988, jiragen ruwa daga Italiya suka sauke dubban tanoni na sharar masana'antu, tan dubu uku da ɗoriya, a ƙaramin garin Koko da ke bakin ruwa, a jihar Bendel ta lokacin, Delta ta yau. Aka jibge su a filin wani mutumin gari a kan hayar dalar Amurka 100 a wata. Rana ta buga su, suka kumbura, suka fara yoyo. An ruwaito cewa wasu mutanen garin sun zubar da abin da ke cikin wasu tanonin, suka kai gida suna tara ruwa. Da asiri ya tonu a watan Yuni na 1988, gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta daga Roma, ta tilasta aka kwashe sharar aka mayar. Ma'aikatan da suka yi aikin kwashewa, wasu sun ƙone a jiki, wasu an kai su asibiti. Abin da ya faru a Koko yana cikin dalilan da suka sa ƙasashen Afirka, har da Nijar, suka sa hannu a yarjejeniyar Bamako a watan Janairu na 1991, wadda ta haramta shigo da sharar guba nahiyar nan.

Yarjejeniya tana tsare tashar jirgin ruwa. Tanon da ya riga ya shigo kasuwa fanko, wannan sai idonmu. Shi ya sa ya kamata mu san halin irin waɗannan ruwaye, kuma dikuloro'etan misali ne mai kyau.

Na farko, wuta. Daga zafin digiri 13 yake fara fitar da tururin da tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna. Mu da ke ganin digiri 40 da ɗoriya a watan Afrilu, ko da sanyin hunturu da rana mun wuce wannan mizani. Ke nan a ƙasarmu kullum a shirye yake. Tururin nan ya fi iska nauyi fiye da sau uku, saboda haka ba ya tashi sama ya watse. Ƙasa yake bi kamar ruwa, ya gangara rami, ya shige ƙarƙashin ƙofa, ya je ya tarar da murhu ko fitila can nesa, wutar ta biyo shi da gudu ta dawo inda ya fito. Tano cike bai kai tano fanko haɗari ba wajen mai walda, domin fankon cike yake da tururi gauraye da iska, wato bom ne ke jiran a kunna. In kuma ya ci wuta, hayaƙinsa na ɗauke da asid da fosjen, iskar gubar da aka kashe sojoji da ita a yaƙin duniya na farko, na 1914 zuwa 1918.

Na biyu, ruwa. Lita ɗaya tasa ta kai kilo ɗaya da kwata, ya fi ruwa nauyi. Isansi in ya zuba a rijiya yakan taso sama a gan shi. Wanga kuwa nutsewa yake ya kwanta a ƙasa, yana narkewa kaɗan-kaɗan, ya ɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa shekaru. A ƙasa mai rairayi irin tamu, abin da aka zubar a bayan gida ba ya daɗewa bai sauka ba.

Na uku, jiki. Yana shiga ta hanci, ta baki, har ta fata. Alamun farko jiri ne, da ciwon kai, da tashin zuciya da amai. Mugun halinsa shi ne mutum na iya jin sauƙi bayan ƴan sa'o'i, a ce ya warke, alhali hanta da ƙoda suna can suna lalacewa. Ƴan cokula kaɗan in an sha suna iya kisa. Hanci kuma yakan saba da ƙamshin, mutum ya zaci ya tafi. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake zargin suna jawo kansa ga ɗan Adam. Sholishon da wasu samarinmu ke shaƙa ba wannan sinadari ba ne, amma dangin aiki ɗaya ne, kuma hanyar da yake bi ya taɓa ƙwaƙwalwa da zuciya ita ce dai wannan.

Isansi ma haka tururinsa yake rarrafe a ƙasa, har ya fi saurin kamawa. Ba mu manta da daren 5 wayewar 6 ga Mayu 2019 ba, lokacin da motar dakon mai ta kife kusa da filin jirgin saman Diori Hamani a Yamai. Mutane suka fito da bido da bokiti, wuta ta tashi, aƙalla mutum 55 suka rasu nan take, wasu suka cika a asibiti. A Majiya ta jihar Jigawa, ranar 15 ga Oktoba 2024, fiye da mutum 150 suka tafi ta wannan hanya. Allah ya jiƙansu. Talauci ne ya kai da yawansu wurin, wannan ba mai musu. Amma da yawa sun ɗauka cewa muddin ba su taɓa man da wuta ba, lafiya lau. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kuma ba kowace tanka ce ke ɗauke da mai ba. Ku dubi farantin nan mai launin lemu da ke gaba da bayan motar. Lambar ƙasa ita ce sunan kayan: 1203 isansi ne, 1202 gazuwal, 1184 kuwa shi ne dikuloro'etan. Lambar sama tana faɗin irin haɗarin: 33 na nufin mai saurin kama wuta, 336 na nufin mai saurin kama wuta kuma guba. A jikin tano da bido kuma akwai zane cikin jan murabba'i mai tsaye bisa kusurwa: harshen wuta, ko ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ko mutum da tauraro a ƙirji. Wanda bai yi lakwal ba ma yana iya karanta waɗannan.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Tanon da ke da ɗaya daga cikin waɗannan zane, ko wanda aka kankare takardarsa, ko mai wani ƙamshi da ba ku gane ba, kada ya ga ruwan sha ko hatsi, ko an wanke shi da omo sau nawa. A nemi wanda ya ɗauko man girki ko wani abin ci. Masu walda, kada a sa wuta ko injin yanka a jikin tano sai an buɗe bakinsa duka, an wanke, an cika shi da ruwa. Kada a juye ruwan aiki a kwalbar lemo ko ta ruwan sha, yara ba su san bambanci ba. Mai fenti da bakanike su yi aiki a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da sigari da murhun mai shayi.

In tsautsayi ya faɗa, a fitar da mutum iska, a tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke fata da ruwa mai yawa da sabulu. In sha ya yi, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa nono ko manja yadda aka saba, domin maiƙo yana taimaka wa irin wannan guba ta shiga jini. A kai shi likita nan take tare da kwalbar, ko da ya ce ya ji sauƙi. In wuta ce ƙarama, rairayi ya fi bokitin ruwa, kuma a tsaya ta inda iska ke fitowa. In tanka ce ta faɗi, a kashe babur, a janye yara, a yi nisa, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko a sanar da jandarma.

Mutanen Bayway da Louisville da Koko ba su sami wanda ya gaya musu ba kafin abin ya same su. Mu mun samu. Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa mai waldan unguwarsu, da mai ruwa-ruwan bakin tasha, da inna da ke shirin sayen sabon tano ranar kasuwa. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.